Majami'ar St. Jarlath ta Bukuru da Zamanin Kuza

A Bukuru, kudu da Jos, akwai tsohuwar majami'ar Katolika mai ɗauke da sunan St. Jarlath, waliyyin garin Tuam na yammacin Ailan, wanda ya rayu a ƙarni na 6. Yadda sunansa ya iso ƙasar Berom labari ne da ya faro daga Shendam.

A watan Fabrairun 1907 fada uku na ƙungiyar mishan ta SMA, wato Oswald Waller da Ernest Belin da Joseph Mouren, suka sauka a Shendam, suka kafa tashar Katolika ta farko a arewacin kogunan Neja da Binuwai. Daga baya aikin ya koma hannun 'yan'uwansu na Ailan, kuma a 1934 aka ware Jos ta zama yankin coci mai cin gashin kansa ƙarƙashin William Lumley.

Amma a ganina, kuza ce ta tara wa cocin Bukuru jama'a. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso garin a 1914, babban layi ta Kafanchan ya biyo a 1927. Kamfanin haƙar kuza na ATMN ma ya yi aiki a nan. Sai ga leburori da akawu da makanikai da 'yan kasuwa suna ta kwararowa, cikinsu har da Ibo masu yawa da suka taso da Katolika tun daga gida. Irin waɗannan baƙi ne suka fara cika kujerun majami'un garuruwan ma'adinai, kuma ba a cika ba su haƙƙinsu ba idan ana ba da tarihi. An fi tunawa da fararen fata.

Rikicin 1966 ya kori dubban Ibo daga Filato, kasuwar kuza ma ta durƙushe a shekarun 1980. Cocin bai rufe ba, domin 'yan ƙasa sun riga sun karɓi ragama. Gabriel Ganaka, ɗan Filato, ya gaji Bishop John Reddington a 1974, ya zama akbishop na farko na Jos a 1994. Hausa kuwa ta zama harshen da ke haɗa Berom da Ngas da sauran ƙabilu wurin addu'a da waƙa.

Tarzomar Janairun 2010 ta ƙone gidaje da shaguna a Bukuru, ta raba unguwannin Musulmi da Kirista da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. A cikin wannan rabebben gari majami'ar ke ci gaba da hidima, ƙarƙashin Akbishop Matthew Audu tun 2020.