Yadda ake gane ƙurjin jini na anjiyokeratoma ba tare da yanka ba

Anjiyokeratoma wani ɗan ƙurji ne mai launin ja ko baƙi da ba kasafai ake samunsa ba. Yana fitowa ne idan ƙananan jijiyoyin jini da ke kusa da saman fata suka buɗe fiye da kima, sannan fatar da ke bisansu ta yi kauri.

Ba sankara ba ne, kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Sai dai yakan zubar da jini idan aka sosa shi ko tufafi suka goge shi.

Wani likitan Italiya, Vittorio Mibelli, ya yi bayanin irin wanda ke fitowa a yatsu a 1889, yayin da John Fordyce na Amurka ya bayyana wanda ke fitowa a fatar maraina a 1896.

Ina matsalar take?

Idan jini ya daskare a cikin ƙurjin, sai ya yi baƙi ƙirin, har ya yi kama da melanoma, sankarar fata mai saurin kisa.

A jikin baƙar fata, melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Irinta ce ta kashe mawaƙin Jamaika, Bob Marley, a 1981, bayan ta faro daga yatsan ƙafarsa.

Don haka kuskure iri biyu ake gudu: a yi wa mai lafiya tiyatar da ba ya buƙata, ko kuma a yi sake da sankara har ta bazu.

Yaya na'urar ke aiki?

Likitocin fata na amfani da damatoskof, wata na'ura mai kama da tocila, wadda ke ƙara girman abu kimanin sau 10. An ƙera irinta ta hannu ta farko a birnin Munich na Jamus a 1989.

Ana ɗora ta ne a kan fata. Haskenta na ratsa saman fatar, sai likita ya ga abin da ido ba ya iya gani. Babu allura, babu zafi.

A anjiyokeratoma, akan ga ƙananan tafkunan jini masu launin ja ko baƙi, da wani farin hazo a kansu. A melanoma kuwa, akan ga zane-zanen launi marasa tsari.

Idan likita bai gamsu ba, sai a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji.

Me ya kamata a yi?

Bai dace a kai irin wannan ƙurji wurin wanzami a yi masa sakiya ba, domin zai yi ta zubar da jini, kuma idan sankara ce an ɓata lokaci.

Mazauna Gusau da Tsafe da Bungudu na iya zuwa Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Tudun Wada, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, domin likita ya duba.

Ƙurji ɗaya da ba ya damun mai shi ba ya buƙatar magani. Idan yana yawan jini, ana iya ƙone shi da lantarki, ko a daskarar da shi, ko a cire.

Amma idan ƙurajen suka yi yawa tsakanin cibiya da gwiwa, musamman a jikin yaro, suna iya zama alamar cutar Fabry, wadda ake gado kuma take lalata ƙoda da zuciya.