Kafin Mu Zo, Su Wa Ke Nan?

Duk wanda ya zauna da dattawan Keffi ya ji labarin Abdu Zanga, Bafulatanin nan da ya taso daga ƙasar Katsina ya kafa garin nan wajen shekarar 1800, aka kewaye shi da kafi, har sunan ya bi shi. Daga baya kakanninmu fatake suka biyo da gishiri da kanwa da tufafi, suka samu wuri suka zauna. To amma da yawa daga cikinmu mun ɗauka daga nan tarihin ƙasar nan ya soma. Ba haka ba ne. Ƙasa da kanta ta ba da shaida.

A shekarar 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, cikin ƙasar Jaba, suka tono wani ɗan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Nok ba ta da nisa da mu, wanda ya saba cin kasuwar Kwoi ya san yankin. A 1943 aka kai wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan irinsa daga Jema'a, wanda mai shi ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi. Fagg ya lura aikin salo ɗaya ne, ya shiga tattarawa, har aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Sa'an nan a Taruga, kusa da Abuja, aka tono wuraren narka tama da suka haura shekara 2,000. Ke nan tun kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihissalam, akwai maƙera a maƙwabtanmu.

Daga 2005 masana na Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, suka ci gaba da tono tare da hukumar kayan tarihi ta Nijeriya. Suka gano mutanen Nok sun soma zama a yankin tun wajen shekara 1,500 kafin Annabi Isa. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne cimarsu: gero da wake, kuma an samu alamar zuma a tukwanensu. Gero kuwa ba ɗan nan ba ne. Asalinsa bakin Hamada ne, mafi tsufan wanda aka noma an same shi a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, shekara fiye da 4,000 da suka wuce. Shi ya sa masanan ke ganin daga arewa mutanen Nok suka gangaro da irinsu.

Me zai taso su? Hamadar da muka sani yau ba haka take a da ba. A shekarar 2000 wani Ba'amurke, Paul Sereno, yana neman ƙasusuwan dabbobin da a cikin Tenere ta Jamhuriyar Nijar, sai ya faɗa kan maƙabarta a wani wuri mai suna Gobero. Kaburbura kusan 200 ne a bakin tsohon tafki, ga ƙasusuwan kifi da kada da dorina, ga ƙugiyoyin su. A kabari ɗaya an samu mace da yara biyu a rungume da juna. Haka a Dufuna ta Jihar Yobe, a 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka kiyasta ya kai shekara 8,000. Da ruwa ya janye, rairayi ya rufe tafkuna, mutane suka yi ta yowa kudu da dabbobinsu da hatsinsu. Ashe hanyar da kakanninmu suka biyo, wasu sun riga su takawa da dubban shekaru.

Wannan ya ishe mu darasi kan zamanmu da Gade da Afo da Gbagyi da Yeskwa da Mada da Koro. Mun same su a nan, kuma tun kafin a san wani abu Keffi ana noma da ƙira a ƙasar. Gwandara ma, masu harshe ɗan'uwan namu, labarin bakansu ya ce daga Kano suka fito. Saboda haka raina mai masauki ba namu ba ne, haka kuma ba mu da abin jin kunya don an kira mu baƙi.

Sai kuma maganar da ta shafe mu kai tsaye, mu 'yan kasuwa. A shekarun 1990 an yi wa wuraren Nok wawa, aka yi ta tono ana fitarwa a ɓoye, har da irin waɗanda aka samu a Katsina da Sakkwato. Sai ga wasunsu a gidan tarihi na Louvre a birnin Paris a shekarar 2000, daga baya Faransa ta amince na Nijeriya ne. Mai tono ya samu kuɗin cefane, dillalin Turai ya kwashe riba, mu kuwa an yage mana shafi. Don abin da aka tumɓuke daga muhallinsa da wuya a san shekarunsa daidai ko su wa suka yi shi. Kuma doka mai lamba 77 ta 1979 ta hana saye da sayar da irin waɗannan kaya ko fita da su ba da izini ba.

Wani zai ce ai gumaka ne, a farfasa kawai. Ba bauta musu muke yi ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa duba kufan waɗanda suka gabata wa'azi ne ga mai hankali. Don haka wanda ya ci karo da irin wannan a gona ko wajen haƙa harsashin gini, kada ya fasa, kada ya sayar. Ya bar shi inda yake, ya sanar da mai unguwa, a kai maganar ga hukuma. In an kawo maka rumfa a cikin buhu, ka ce ba ka ciniki.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama lafiya. Amin.