Sigarin Lantarki

sigarin lantarki (suna, namiji). Ƙaramar na'ura mai batir da ke ɗumama wani ruwa mai ƙamshi, galibi haɗe da nikotin, har ya zama tururi a zuƙa. Ba ganyen taba a cikinsa, ba ya kuma buƙatar ashana. Hon Lik, mai harhaɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ya ƙera na zamani a 2003. Mai amfani da shi mashayi ne, tunda a Hausa shan taba ake yi. "Mai zuƙa" ya fi taushi a kunne, amma jarabar nikotin ɗin ɗaya ce. Misali: "Alhaji, yaron shagonka na Ogbete, can Inugu, ya bar taba ya koma sigarin lantarki."