Insha'in Turanci da Tarihin Siffantawa a Rubutunmu

Kusan kowane mako sai wani ya turo tambayar aikin gida na Turanci, yana neman a rubuta masa insha'i kan kasuwar garinsu ko babban amininsa. Kafin mu ba da amsa, bari mu waiwayi inda wannan darasi ya samo asali, domin ya shafi alƙalaminmu.

A 1909 Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano. A farkon shekarun 1920 aka kafa Kwalejin Katsina, inda aka ba Turanci muhimmanci ƙwarai. A can Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma dukansu suka fito suka zama malaman makaranta.

Da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, irin waɗannan malamai ne suka amsa kira. Daga 1934 aka fara buga Ruwan Bagaja, Shaihu Umar, Ganɗoki, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Aji ya koya musu tsara jimla da sakin layi, amma ba su kwaso siffantawar Ingila ba. Ayari da hamada da cinikin bayi da ke cikin Shaihu Umar sun fito ne daga tarihin da mutanenmu suka rayu a cikinsa.

Bayan kafa hukumar WAEC a 1952, insha'i ya zama abin cin jarabawa. Sannu a hankali ɗalibai da yawa suka koma haddar insha'i guda, su juye shi ga kowace tambaya. Wannan ɗabi'a ta biyo mu har cikin littattafanmu: kowace jaruma fara ce doguwa mai dara-daran idanu, kowane gida aljannar duniya ne. Mai karatu ya rufe littafi bai ga fuskar kowa ba.

Dabarar da malamin Turanci ke nema ita ce dai wadda labarin Hausa ke buƙata. Mu yi aiki da ido, kunne, hanci, harshe da fata. Mu zaɓi abu ɗaya da ya bambanta wurin da saura. Kada mu ce kasuwa ta cika maƙil mu yi shiru; mu kawo ƙamshin daddawa, kukan baro, da zufar ɗan dako.

Saboda haka duk ƙanin da ya kawo aikin gida, kada mu rubuta masa. Mu tambaye shi abin da ya gani da abin da ya ji, ya rubuta da kansa, mu gyara. Aikin wannan mako: kowa ya siffanta tashar motar garinsu a jimla biyar, ba tare da kalmar "kyau" ba. Muna jiran ku a ƙasa.