Ƙugiyar da aka Zuba da Dalma

Wata ƙaramar matsala ce ta tashe mu daga Unguwar Gabas a wata safiyar Asabar. Muna gina wata manhaja ta karanta tsofaffin littattafan Hausa a waya, muna ɗaukar hoton shafi, kwamfuta ta mayar da shi rubutu. Duk inda ta tarar da ƙ sai ta ba mu k, wani lokaci ma ta ba mu wani harafin da ba mu san daga ina ta samo shi ba. Ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Da muka gaji da gyara da hannu, ɗaya daga cikinmu ya ce, to wai shi wannan harafin, kafin ya hau takarda, yaya kamanninsa suke? Babu wanda ya taɓa gani a cikinmu.

A wasu ƙasashen, amsar wannan tambaya tikitin shiga kawai take buƙata. A birnin Antwerp na Beljiyam akwai gidan Plantin-Moretus, maɗaba'ar da ta fara aiki tun ƙarni na 16, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005, injinanta da akwatunan haruffanta suna nan a inda masu su suka bar su. A Mainz ta Jamus akwai gidan tarihin Gutenberg, inda ake buga shafi a gaban baƙi. Mu kuwa Keke Napep muka hau daga Samaru, muka bi ta Kwangila, muka sauka Sabon Gari muna tambayar masu buga katin biki ko akwai wanda ya rage da injin da.

An nuna mana wani shago a lungu. A can ƙurya, bayan sababbin injina, wani baƙin Heidelberg yana tsaye, irin mai hannuwa biyu da ke juyawa, ɗaya ya ɗauki takarda ɗaya ya ajiye. Yana aiki har yanzu, sai dai ba littafi yake bugawa ba. Lambobin rasit yake sawa, yana yanka kwali, yana huda layin da ake yage takarda. Dattijon da ke kula da shi ya dube mu ya ce, "Samari, aiki kuka kawo ko kallo?" Muka ce, "Baba, kallo muka zo, da tambaya." Ya yi dariya, ya jawo wata faffaɗar aljihun katako daga ƙarƙashin tebur.

An raba ta gida-gida, kowane harafi da ɗakinsa. Kowane harafi ɗan sanda ne na dalma da aka gauraya da kuza da wani ƙarfen da ke ƙara mata tauri, a kansa an fito da siffar harafin a juye, kamar a madubi. Mai jerawa yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a wani ɗan ƙarfe da ke hannunsa na hagu, yana karantawa a kife. Ko sararin da ke tsakanin kalma da kalma, shi ma ɗan ƙarfe ne gajere wanda tawada ba ta taɓa shi. In layi ya cika a sauke, in shafi ya cika a ɗaure shi tam cikin firam, a buga. Bayan an gama kuma sai a kwance, a mayar da kowane harafi gidansa, domin da su za a jera shafi na gaba. A tsarin Turawa manyan baƙaƙe suna akwatin sama, ƙanana suna na ƙasa, kuma da sunan waɗannan akwatuna biyu suke kiran babban harafi da ƙarami har gobe. Mun shekara muna rubuta umarnin nan a kwamfuta ba mu san katako muke ambata ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar da ya yi kan harafin a. Masu zuba haruffa a Ingila da lissafin Turanci suke cika akwati, inda e ya fi kowane harafi yawa, shi ya sa ɗakinsa ya fi girma. Hausa kuwa a take ci kamar tuwo. Ka duba wannan sakin layin ka ƙirga. Ya ce in ana jera Hausa da akwatin Turanci, kafin a kai ƙarshen shafi a ta ƙare, e na nan jibge ba a taɓa ba. Dole a sayi ƙari, ko a buga rabi a kwance a sake jerawa.

Daga nan ne tarihin da muka haddace a makaranta ya fara yi mana wata kama dabam. Mun san an kafa Hukumar Fassara a 1929, ta dawo Zariya, ta zama Hukumar Talifi ƙarƙashin Dokta Rupert East. Mun san gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Mun san Magana Jari Ce, mun san Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939 da Imam a kujerar edita, kuma a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, har sunan ya bi unguwar. Duk wannan jerin sunayen marubuta ne da shugabanni. Ba a taɓa tambayar mu a jarrabawa wa ya tsaya a gaban akwati ko injin zuba layi ya haɗa waɗannan shafuka ba.

A cikin waɗannan shekaru na 1930 ne kuma aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko. Kafin nan kowa da dabararsa: wasu su ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafin, wasu su maƙala masa ɗan waƙafi a gefe, wasu su bar mai karatu ya cinka. A takarda, yanke shawarar a yi wa k ƙugiya abu ne na zama ɗaya. A maɗaba'a kuwa, ma'anarsa sai an zana harafin, an sassaƙa mazubinsa, an zuba shi da dalma, babba da ƙarami, a kowane girma da kowane salo da za a yi aiki da shi: na kanun labari dabam, na cikin labari dabam, mai kauri dabam. Kuɗi ne, kuma daga ƙetare ake kawowa. A ganinmu wannan na cikin manyan abubuwan da Zariya ta yi wa Hausa, ko da yake ba a cika lissafa shi ba. Ƙa'idar rubutu ta zauna ne saboda yara da manya sun yi ta ganin ƙugiyar nan a shafi bayan shafi, musamman a zamanin Yaƙi da Jahilci, lokacin da hukumar NORLA ta yi ta fitar da ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Bazazzaga ta Zariya, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato, kafin a rufe ta a 1959. A 1966 kamfanin NNPC ya ɗauki ragamar wallafa littattafan.

Ajami bai ji daɗin dalma haka ba. Idon almajirin ƙasar nan ya saba da rubutun hannu mai kauri irin na allo, haruffan Larabci da ake zubawa a waje kuma siffar Gabas gare su. Shi ya sa littattafan ajami da na addini da suka cika kasuwa suka fi bin wata hanyar: gwani ya rubuta da alƙalaminsa, a ɗauki hoton shafin a buga. Wannan hanya ta hoto da faranti ita ce daga baya ta ture dalma gaba ɗaya, har a boko.

Mu da muke aiki da kwamfuta ba mu da bakin yi wa kowa gori. Haruffan nan suna cikin Unicode, kowanne da lambarsa: ƙ tana U+0199, ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257. Akwai ƴ ma, wadda ake rubutawa a Nijar inda mu muke sa 'y. Ba a buƙatar jirgin ruwa, ba a buƙatar ko kwabo, danna harafi ne ka ɗan riƙe. Duk da haka ka buɗe Facebook ko WhatsApp ka ga yadda muke rubutu, har da mu masu wannan maganar. Kuma injinan da ake koya wa Hausa yanzu daga wannan rubutun namu suke koyo, abin da ya sa manhajarmu ta kasa bambanta ƙafa da kafa ke nan.

Mun tambayi Baba ko yana da masu ƙugiya. Ya ɗan jima yana tono a wata tsohuwar gwangwanin madara, ya zube su a tafin hannunsa. Ya ce sauran akwatunan an daɗe da auna su a sikeli, masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe, dalma tana da kuɗi. Waɗannan ya ɓoye ne don ya san wahalar da aka sha kafin a same su. Muka roƙe shi ya jera mana kalma ɗaya. Ya ɗauko ɗan ƙarfen jerawa, yatsunsa suna tafiya ba ya ko duban akwatin, ya ɗaure, ya shafa tawada, ya buga a bayan wani lalataccen katin biki. Ƙasa ya rubuta. Da muka shafa bayan katin muka ji tudun haruffan, ƙugiyar ta ɗan fi sauran nutsewa.

Muka ce ko zai sayar mana da guda ɗaya mu tafi da ita. Ya ƙirga abin da ke hannunsa, ƙananan ƙ guda tara ne, babba ɗaya. Ya mayar da su gwangwani ya rufe, ya ce in muna son ganinsu mu dawo ranar Asabar, bayan ya gama lambobin rasit.