Wa Ya Kashe Rabe?

Jama'a, daren jiya a nan Tsohuwar Maiduguri na sake kallon fim ɗin kaboyin nan na 2007 a kan kisan Jesse James, wanda Brad Pitt ya fito a ciki. Mun saba da ƙa'idar silima: akta ba ya mutuwa, bos kuma sai an yi gaba da gaba yake faɗuwa. Wannan fim tun daga sunansa ya faɗi ƙarshe, har ya kira Robert Ford matsoraci, don ta baya ya harbi ɗan fashin a 1882. Aka ɗauki hoton gawar ana sayarwa.

Sai Rabe ya faɗo mini a rai. Ya ƙone Kukawa a 1893, ya zauna Dikwa, Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900. Shi ma an ɗauki hoton kansa bayan an sare shi. To amma wa ya kashe shi? A Njamena inda na taso, sunan Lamy muka sani, kwamandan da shi ma ya mutu a yaƙin, kuma sunansa garin ya ɗauka har 1973. Baƙin sojan da ya yi aikin kuwa, ba a koya mana sunansa ba.

Na tambayi wani dattijo maƙwabcina. Ya ce Nasara ne, sannan ya ɗauki awa guda yana ba ni labarin muguntar Rabe. Ford dai ko zagi ne ya samu da sunansa.