Labarin Makaranta a Garwa da Arewacin Kamaru

A shekarar murna ya kamata mutum ya waiwaya, ya dubi hanyar da aka biyo. Domin wannan za mu ba ku labarin makaranta a ƙasarmu, da yadda masu mulki daban daban suka yi ƙoƙari su taimaki yaran da aka bari a baya. Labari ne da ya shafi kowane uba da kowace uwa a cikinmu.

Yadda Aka Bar Arewa a Baya

Karatun boko ya shigo Kamaru ta bakin teku. A shekara ta 1845 Alfred Saker ya zauna a Duwala, yana koya wa yara karatu. Amma makarantar boko ta fari a Garwa, wadda Jamusawa suka buɗe, sai a shekara ta 1906 aka yi ta. Wato kudu ta riga mu da shekara sittin. Ko wannan ɗin ma domin 'ya'yan sarakuna da na manyan gari aka yi ta, gama abin da Jamusawa su ke nema shi ne akawu da tafinta. A garuruwan Fulani kuwa akwai makarantun allo tun da daɗewa, iyaye da yawa ba su yarda da makarantar Nasara ba. An ce waɗansu manya, in an matsa musu su ba da yaro, sai su aika da ɗan bawa a madadin nasu.

Jamusawa ba su bar masu mishan su zauna a ƙasar lamido ba, don kada a yi rigima da sarakuna. Da Faransawa suka karɓi mulki bayan an ci Garwa a shekara ta 1915, su ma ba su yi hanzarin sāke wannan hali ba. Ta haka 'ya'yan Mafa da ke kan duwatsun Mandara, da na Tupuri, da Mundang, da Masa, da Fali, da Gidar suka zauna ba allo, ba boko. Ba rashin kai ne ya hana su ba, ƙofa ce ba a buɗe musu ba.

Makarantun Mishan

Sai a shekarun 1920 aka fara ba masu mishan izni. Gunderson, mutumin Amurka, ya kama aiki a Adamawa a shekara ta 1923, mutanen Norway suka zauna a Ngaundere a 1925, Revne da abokan aikinsa kuma suka nufi wajen Lere da Yagwa. Makarantunsu na fari rumfa ce, ko kuwa inuwar itace. Yaran da suka zo yawanci matalauta ne, waɗansu marayu, waɗansu kuma bayi ne da suka gudo. Irin wannan yaro ba ya iya karatu sai an ba shi tuwo, da riga, da wurin kwana. Tun daga nan aka gane cewa ɗan matalauci ya fi ɗan mai hali tsadar koyarwa, ko da ya ke littafinsu ɗaya ne. A shekara ta 1958 aka buɗe kwalejin Furotestan a Ngaundere. 'Yan Katolika kuma sun yi nasu aiki, musamman Baba Simon, wanda ya zauna a Tokombere tun 1959, ya tara 'ya'yan mutanen dutse a makaranta.

Gwamnati Ta Sa Hannu

Da 'yancin kai ya kusato, Faransawa suka ga arewa ba ta da isassun malamai da ma'aikata nata. A shekarun 1950 suka buɗe kwaleji a Garwa, da makarantar kwana a Pitowa, kusa da Garwa, inda aka tara yara daga kabilu iri iri, ana ciyad da su daga baitulmali.

Ahmadu Ahidjo, wanda aka haifa a Garwa a 1924, ya yi mulkin ƙasa daga 1960 zuwa 1982. Shi kansa a makarantar Garwa ya fara karatu, ya san ciwon abin. A zamaninsa aka kafa dokar raba gurabe bisa ga lardi a jarrabawar shiga aikin Gwamnati. A rabon da aka yi a 1982, lardin Arewa ya sami kashi 30 cikin 100. Wannan ya taimaki waɗanda suka kai bakin jarrabawa. Amma yaron da bai taɓa shiga aji ɗaya ba, me gurbi zai yi masa? An gyara rufin ɗaki, ba a gama gyaran tushe ba.

Sa'an nan wahala ta zo. Daga ƙarshen shekarun 1980 kuɗin Gwamnati ya ragu, aka daina ɗaukar malamai kamar dā. A 1993 aka rage albashi, a 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Sai ƙauyuka suka shiga ɗaukar malamai da kansu, iyaye suna tara kuɗi ko hatsi su biya su. Dubi abin mamaki: mutanen da suka fi kowa talauci, su ne suka zama masu biyan malami daga aljihunsu.

Yankunan da Aka Sa a Gaba

A shekara ta 2000 Shugaba Paul Biya ya soke kuɗin makarantar firamare ta Gwamnati. Aka kuma fara aika wa kowace makaranta ɗan ƙunshin kayan aiki, kamar su alli da littafin kiran suna, ko da ya ke sau da yawa ya kan iso bayan an daɗe da komawa hutu. Gwamnati ta lasafta Adamawa, da Arewa, da Arewa Mai Nisa, da Gabas a kan yankunan da za a sa a gaba wajen ilmi. Wannan dabara daga Faransa aka aro ta, inda aka fara ta a 1981. Ma'anarta ita ce a ƙara wa wanda ya ke da kaɗan. A Ingila kuma, tun 2011, kowane ɗan matalauci ya kan jawo wa makarantarsa ƙarin kuɗi.

A nan wajenmu taimakon ya bi hanya uku. Ta fari, malamai: daga 2007 aka ɗauki dubban malamai a kan kwantiragi, har da waɗansu daga cikin waɗanda iyaye ke biya. Ta biyu, littattafai: da taimakon Bankin Duniya aka raba littattafan karatu kyauta a makarantun Gwamnati. Ta uku, abinci: Hukumar Abinci ta Duniya ta ciyad da yara a makarantu da yawa na arewa, ta kuma ba 'yan mata hatsi su kai gida, don iyaye su bar su su gama. A sama kuma an buɗe jami'a a Marwa a 2008, aka kafa ta Garwa a 2022. Amma daga 2014 fitinar Boko Haram ta rufe makarantu da yawa a bakin iyaka, yara suka watse zuwa garuruwan da azuzuwansu sun riga sun cika.

Abin da Ya Rage Mana

'Yan'uwa, labarin nan ya nuna mana cewa kuɗi ba ya koya wa yaro karatu sai ya zama malami a aji, da littafi a hannu, da tuwo a ciki. Kuɗin da ya maƙale a hanya bai amfani kowa ba. Domin haka sai mu riƙa zuwa taron iyayen yara, mu tambayi abin da aka aiko da yadda aka kashe shi, cikin ladabi amma ba da tsoro ba. Kada mu cire 'ya mace daga makaranta don aure ko talla. In akwai maraya a unguwa, ekklisiya ta dubi takalminsa da littafinsa, ko shi ɗan mai bi ne ko ba ɗan mai bi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu da muka iya karanta wannan takarda, wani ne ya biya mana. Allah ya ba mu zuciyar yi wa na baya haka.